Kafin ki ce min in yi haƙuri, ki ji ni tukuna

Bara waccan ƙanwata ta haihu a gidanmu, haihuwar fari ce, ta zo goyon ciki wajen Inna kamar yadda aka saba. Yaron kwana uku ya yi a duniya ya koma. An yi masa huɗuba, ragon suna ma an riga an sayo yana ɗaure a gindin darbejiya a tsakar gida, itacen wankan jego an jibge shi a bayan madafi. Ni nake kwana da ita a ɗakin, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da kunnena na ji shi, ba labari aka ba ni ba.

Tun da hantsi mata suka fara shigowa, ya haƙuri, ya muka ji da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Wannan duk daidai ne, gaisuwarmu ce kuma addu'a ce, ba ni da ta cewa a kanta. Abin da ke biyo bayan gaisuwar ne ya tsaya min a wuya har yau. Wata ta ce ai ki gode wa Allah da bai girma kin shaƙu da shi ba. Wata ta ce ke da kike yarinya, kafin baɗi war haka kin sake wani. Wata ta kawo labarin maƙwabciyarta da ta binne biyar ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Wata kuma da ta hango hawaye na bin kumatun yarinyar sai ta ce haba ke kuwa, ɗan fari ne fa, ina kunyar take? Ita kuwa tana kwance ta fuskanci bango, nono ya kawo ya yi tauri har ya jiƙa mata gaban riga, tana ta jan gefen zani tana rufewa kar a gani, duk wadda ta yi magana sai ta ce to, na gode. Da daddare da kowa ya watse sai ta kira ni a hankali ta ce, Yaya, wai laifi nake yi ne da nake jin zafin nan, ko imanina ne ba shi da ƙarfi?

Wallahi ban iya ba ta amsa ba a daren, ni ma kukan ne ya ƙwace min. Mata sun fi talatin da suka shigo ɗakin a yinin nan, dukkansu masoyanta ne, babu wadda ta zo da mugun nufi, wasu ma kuɗin adaidaita sahun da suka zo da shi rantowa suka yi. Amma suka tashi suka bar ta da kaya biyu, ga rashin ɗa, ga zargin kanta da rashin imani.

Washegari Goggo ta iso daga ƙauye, ƙanwar Babanmu, tsohuwa ce da ko ajin yaƙi da jahilci ba ta taɓa shiga ba. Ta ajiye ƙunshin kayanta, ta zauna a bakin katifa, ba ta ce uffan ba, ta jawo ƙafar yarinyar ta ɗora a cinyarta tana matsa mata. An ɗauki lokaci a haka. Can sai ta ce, sannu 'yar nan, wata tara ba kwana tara ba ne. Ni ban samu ganinsa ba, da wa yake kama? Sai ga ƙanwata ta juyo, karon farko tun jiya, ta ce Goggo yatsunsa irin na babansa ne dogaye, kuma yana da gashi har goshi, idan ya kama yatsana ba ya saki. Daga nan kukan ya ɓalle, mai sauti, wanda ta kwana biyu tana haɗiyewa. Inna ta leƙo za ta yi magana, Goggo ta ɗaga mata hannu, ta ce wa yarinyar yi kukanki, ɗanki ne. Sai da ta yi mai isarta ta koma ajiyar zuciya, sannan Goggo ta ce to yanzu sai haƙuri, wanda ya ba ki shi ya karɓa, kuma ya fi ki son sa. Ta yi addu'a. Ranar ne ƙanwata ta fara shan kunu ba tare da an yi mata dole ba.

Haƙurin da Goggo ta ba ta shi ne dai wanda sauran matan suka ba ta, kalma ɗaya ce ba ƙari. Amma na Goggo ya shiga, nasu bai shiga ba, don Goggo sai da ta ji ta tukuna.

Abin da nake gani ya same mu ke nan, mun mayar da "ki yi haƙuri" marfin tukunya. Da zarar mutum ya buɗe baki zai faɗi abin da ke cin sa, tun bai kai tsakiyar magana ba mun kifa masa shi. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa don kanmu muke yi, don zama kusa da mai kuka akwai nauyi, ba mu san inda za mu sa idonmu ba, so muke ya yi shiru mu samu mu tashi. Shi ya sa muke saurin kawo labarin wanda ya fi shi shiga uku. To in wani ya binne biyar, ita wadda ta binne ɗaya zafinta ya ragu ne? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai da kake tsakar gida ba ka da hurumin ce masa ɗigon bai kai a tashi ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min. Wai wannan karatun Turawa ne, mu Musulmi ne mun yarda da ƙaddara, ba ma buƙatar a zauna ana lallaɓa zuciya. Ni kuwa ina ganin a wannan wurin mun bar addinin mun kama al'ada ne muna kiran ta addini. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake cikin magagin mutuwa, yana jariri, Annabi ya shiga ya gan shi, idanunsa suka zubar da hawaye. Abdurrahman bn Auf ya ce har kai ya Ma'aikin Allah? Ya ce ya ɗan Auf, wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai ya Ibrahim. Yana cikin Bukhari, ba ɓoyayyen hadisi ba ne. Shugaban masu haƙuri ya kira baƙin cikinsa da sunansa a gaban mutane, amma 'yar shekara ashirin da ta rasa ɗanta ana ce mata ina kunya.

Ku duba Annabi Yakubu a Suratu Yusuf. Shi ne ya ce "fa sabrun jamil", haƙuri mai kyau, har sau biyu, a aya ta 18 da ta 83. A aya ta 84 kuma Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. 'Ya'yansa suka yi masa irin maganar da muke yi wa juna, wai ba za ka daina ambaton Yusufu ba sai ka lalace ko ka halaka, shi kuma ya ce ni ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina ne ga Allah. Ke nan haƙuri mai kyau da hawaye na shekaru sun zauna a ƙirji ɗaya, Allah bai zarge shi ba. Sannan ga izun da kowane ɗan makarantar allo ya sani, Ƙad sami'a. Mace ce, Khaula bint Sa'alaba, mijinta ya yi mata zihari, wato ya ce ta haramta gare shi kamar mahaifiyarsa, ta zo tana kai kuka tana maimaitawa, sai farkon surar ya sauka yana cewa lalle Allah ya ji maganar wadda take jayayya da kai game da mijinta. Da ji aka buɗe surar, hukunci ya biyo baya.

Ba zan ɓoye ɗaya hadisin ba, don na san za a kawo min shi. Annabi ya wuce wata mata tana kuka a bakin kabari ya ce mata ki ji tsoron Allah ki yi haƙuri, ita kuma ba ta gane shi ba ta ce rabu da ni, abin da ya same ni bai same ka ba. Daga baya da aka gaya mata ko wane ne ta je har ƙofarsa, ya ce mata haƙuri yana wurin bugun farko ne. Gaskiya ne, haƙuri umarni ne, ni ban zo in soke shi ba, kuma kururuwa da yaga tufafi da marin fuska an hana su ƙarara. Amma ku lura da abin da ya yi sa'ad da ta mayar masa da magana mai zafi. Bai tsaya musu da ita ba, bai ce imaninta ya yi rauni ba, ya wuce ya bar ta, sai da ta natsu ta zo da ƙafarta sannan ya ƙarasa mata maganar. Mu da a ce mu ne, da unguwa ta ɗauka cewa wance ba ta da tawakkali.

Wani abin da ya fi damuna shi ne su wa ake cewa su yi haƙurin. Ku sa ido ku gani, kusan kullum wanda ba shi da ƙarfi ne. Yarinya ta dawo gida da idonta a kumbure, tun ba ta ajiye jaka ba uwa ta ce ɗauki mayafinki, zaman aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka zauna. Ba wanda ya ce zauna, sha ruwa, me ya faru. Yaron shago ya yi shekara bakwai yana bauta an sallame shi hannu rabbana, a ce ya yi haƙuri. Almajiri, 'yar aiki, marayan da aka cinye wa gado, duk su ne masu haƙuri, shi kuwa wanda ya yi cutar da wuya ka ji an tare shi an ce kai ma ka ji tsoron Allah. Irin wannan haƙurin ba sulhu yake kawowa ba, danne magana yake yi, kuma abin da aka danne yana nan, wata rana zai fito a kotu ko a gadon asibiti ko a kan 'ya'yan da ba su ji ba ba su gani ba.

Maza kuwa nasu ya fi ban tausayi ta wata fuskar, don su tun suna ɗan shekara huɗu ake ce musu namiji ba ya kuka. Yayanmu gobara ta cinye masa shago a kasuwa, jarin shekara goma sha biyar, har da kayan mutane da ya karɓa bashi. Majalisarsu ta zo jaje, kowa na cewa dukiya ce, tun da rai ya tsira ai shi ke nan, Allah zai mayar da alheri. Shi ma yana ta murmushi yana cewa ba komai wallahi, ba komai. Matarsa ce ta gaya min ya yi wata biyu ba ya barci, sai ta farka cikin dare ta gan shi zaune a bakin gado da littafin bashi a hannu cikin duhu. Ba shi da mutum ɗaya da zai iya ce wa tsoro nake ji, don ya san amsar da za a ba shi, haba kai fa namiji ne. Mun iya cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma shi ma cikin yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna magana a kan wannan. Akwai wata masaniya 'yar Amurka, Marsha Linehan, da ta yi aiki shekaru da masu yunƙurin kashe kansu, ta nuna irin ɓarnar da ke faruwa ga yaron da ya tashi a gidan da kullum ake ƙaryata abin da yake ji, in ya ce ya ji zafi a ce ƙarya yake, in ya ji tsoro a ce iskanci ne, har ya girma bai yarda da zuciyarsa ba, ko kuma ya koyi cewa sai ya yi abu mai girma sannan za a kula shi. Ban kawo ta don ta fi Goggo sani ba, abin da ta rubuta shi Goggo ta yi a bakin katifa. Na kawo ta ne don a san abin ya shafi lafiya, ba shagwaɓa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Mu kuwa mai jego in ta cika shiru ko kuka sai mu ce iska ce, ko rashin godiya, ga ɗa Allah ya ba ta lafiyayye me kuma take nema. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, asibitocin irin su Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna da na Maiduguri kuma mutane ba sa zuwa sai abu ya ƙazanta, don sunan kawai abin gori ne. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Shekara da shekaru kuma sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, wato mutumin da duniya ta yi wa zafi har ya kai nan, in ya tsira, ɗan sanda ne zai fara yi masa tambaya. A irin wannan ƙasa kunnen 'yar uwa ko aboki ko limamin unguwa shi ne asibitin farko, ga wasu ma shi kaɗai ne za su taɓa samu.

Halin nan har sama ya hau da mu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, abinci ya bi ta, kuma abin da talaka ya fi ji daga bakin manya shi ne a ƙara haƙuri. Ni ba gardamar tattalin arziki na zo yi ba. Ina cewa ne mutumin da ya koma cin abinci sau ɗaya a yini yana so ya ga alama a fuskarka da irin rayuwarka cewa ka san halin da yake ciki kafin ka nemi haƙurinsa, kuma duk wanda ya ga yadda Kano ta kasance a zanga-zangar Agustan 2024 ya san abin da ke faruwa in mutane suka ji ba a jin su. Haka da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mutanen da tun 2009 suke binne 'yan uwansu, na ga yadda wasu a Facebook suke yi wa masu kuka wa'azin ƙaddara daga ɗakunansu busassu, har da masu cewa zunubi ne ya jawo. Mutum yana tsaye a kan gada da 'ya'yansa bai san inda tsohuwarsa take ba, sannu kawai yake buƙata da hannun da zai kama shi.

Kar a fahimce ni a karkace. Jin mutum daban, ba shi gaskiya daban. Za ki iya ce wa ƙawarki lalle wannan magana da ciwo, ko ni ce zan ji haushi, ba tare da kin ce mijinta azzalumi ne ko ta haɗa kayanta ba, don ɓangare ɗaya kika ji. Za ka iya ce wa ɗanka na ga ranka ya ɓaci, sannan ka hana shi dukan ƙanensa. Masu zuga da sunan tausayi su ma ɓarna suke yi, kuma suna da yawa musamman a guruf-guruf ɗin WhatsApp na mata. Ba kuma ina cewa kowa ya kwashe sirrin gidansa ya zuba a intanet ba ne, kawaici da kunya da kara ado ne a wurinmu, ina alfahari da su. Amma kawaici abu ne da mutum yake yi da kansa don girman kansa, in aka ɗora masa shi dole a lokacin da yake neman wanda zai ji shi, ya koma wani abu daban.

Kuma abin ba wuya gare shi ba, shiru ne ya fi yawa a ciki. Ki kife wayar. Ki bari ta kai ƙarshen zancenta ko da ta maimaita sau uku. Kar ki ce ai ni ma lokacin da nawa ya faru, ki ajiye naki labarin sai wani jiƙon. In ba ki san abin faɗa ba ki ce wallahi ban san me zan ce miki ba amma ina nan. Nasiha ba za ta gudu ba, gobe ma rana ce.

Ni kaina da nake wannan dogon rubutu ban tsira ba. Kwanakin baya 'yata mai shekara shida ta shigo tana kuka kamar ranta zai fita, shaho ya ɗauke mata ɗan tsakon da kakarta ta ba ta, wanda take ba shi tsaki da hannunta kullum da safe. Ina tsakiyar tuƙa tuwo, ga hayaƙi ga gajiya, na daka mata tsawa na ce a kan ɗan tsako za ki tara min jama'a, share hawayenki kafin in zo wurin. Ta yi tsit, ta koma bayan ƙofa tana shessheƙa a hankali yadda ba zan ji ba, kuma irin jan numfashin nan sak na ƙanwata ne a daren farko. Sai na tuna ƙanen Anas bn Malik, ƙaramin yaro da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah da duk nauyin al'umma a kansa ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa, ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?

Na sauke tukunyar, na je na tsuguna a gabanta na ce Ummi, zo gaya min, yaya aka yi? Ta ce Mama ina kallo ya sauko, na yi ihu na jefa masa takalmina amma bai sake shi ba, kuma yana ta kuka yana kirana. Na ce kin yi ƙoƙari, kina son sa sosai ko? Ta gyaɗa kai, ta faɗo jikina. Tuwon ranar ya yi gudaji, haka muka ci shi.